Jan Maɓalli a Kaset ɗin Abba

Duk shekara, ranar da Abba ya rasu, aminansa biyu suna zuwa flat ɗinmu a unguwar Plumstead, nan ƙasar Turawa. Ana shafa addu'a sai su koma tsohuwar gardamarsu: wane album na hip hop ne ya fi a shekarun casa'in. Baffa Sani yana bayan 'yan New York, Kawu Bala yana bayan 'yan California, har maƙwabta su fara buga bango.

Bara Umma ta fito da kaset ɗin da Abba ya zo da shi daga Kaduna, don a ji nasa zaɓin. A ƙarshensa Abba ya naɗi muryarsa yana bin wata waƙa yana dariya. Nan kaɗai muke da Abba yana saurayi.

Ni da ban taɓa riƙe kaset ba na ce, "Matsa, Kawu, wannan aikin 'yan zamani ne." Na saka shi a rediyo, na kai shi daidai wurin, na danna maɓallin da ya fi kyau, ja. Da na ji shiru, sai na cika shirun da lacca.

Baffa ne ya lura maɓallin naɗi na danna. Ya tsayar da rediyon a hankali, ya mayar baya. Abba ya fara baiti, sai ga muryata a kan tasa: "Matsalarku, ba ku da haƙuri." Umma ta shige kicin, ta daɗe tana wanke kofi ɗaya.

Bana ma sun saka kaset ɗin. Da na shigo, Kawu ya goge ido ya ce, "Sani, gardama ta ƙare. Ga wanda ya fi, uba da 'yarsa."

Har Umma yanzu DJ Haƙuri take kirana.