Alƙiblar Italiya

Har yau ina istigfari a kan kwana ukun nan.

Lokacin gasar kofin duniya Doha ta cika ta batse, sai maigidana, Baban Hanifa, ya samu hutu, ya ce mu leƙa Montenegro, wata 'yar ƙasa a bakin teku. Ni na haɗa kaya: rigunan sanyi, ragowar takunkumin korona, yaji, dadduma biyu. Ya miƙo mini ɗan kamfas na duba alƙibla, na ajiye masa abinsa a kan firij.

Na ce, "Haba, shekara shida ina sallah a Doha! Inda rana ke faɗuwa, nan ne alƙibla."

"To, Malama," in ji shi.

Da muka sauka a otal na shimfiɗa mana dadduma tana kallon teku, ta inda rana ke faɗuwa, har ina sa wa maginin albarka da ya daidaita taga da alƙibla.

Rana ta huɗu wata dattijuwa mai gyaran ɗaki ta tarar da ni ina lazimi. Ashe Musulma ce. Ta jira na shafa na miƙe, ta yi mini sallama, ta juya daddumar a hankali wajen duwatsu. Ta nuna can ta ce, "Makka." Ta nuna teku tana danne dariya, "Italiya."

Na fashe da kuka, ta rungume ni. Baban Hanifa ya ce Allah ya ga niyya, ya tsaya muka rama sallolin tare.

Amma har gobe, in na ɗauko dadduma sai ya leƙo: "Malama, yau Makka muka nufa ko Italiya?"