Dillalin da Ya Sa Hajarsa a Jiki

Wani ne, dillalin manyan riguna a nan cikin birnin Zazzau. Sunansa kam ku bar shi, dariyar da ya sha ta ishe shi.

Ranar da na fara ganinsa, aiko ni aka yi zaure da riguna. Ya yi sallama, na fito. Da muka haɗa ido sai ya amsa sallamarsa da kansa. Ya ƙirga riguna huɗu ya samu bakwai. Da zai fita ya zura takalmin maƙwabcinmu ya yi gaba. Na koma cikin gida ina dariya, amma ranar sau uku ina soke yatsana da allura.

A gidanmu ɗinkin hannu muke yi. Mu mata muna ciki muna zuba aiki a ƙirjin riga, shi ke kaiwa kasuwa, a ba shi la'ada naira hamsin a kan kowace ɗaya. Da ya yi wata biyar yana zuwa karɓar riguna har a ranakun da babu riguna, sai kakata Iya Kulu, wadda ta rene ni, ta fito ta tare shi.

"Kai, tabarmar zauren nan ta gaji da kai. Me kake nema?"

Ya sunkuyar da kai yana tonon ƙasa da yatsa.

"To na ji, ko ba ka faɗa ba. Ga riguna shida, saura sati biyu Babbar Sallah. Je ka sayar. In ka dawo da ribar da za ta sayi ko tiyar gero ce, ka turo manyanka. In ka dawo hannu rabbana, ka nemi wani zauren."

"Iya, an gama."

"Ba a ma fara ba."

A cikin shidan akwai tawa, fara sol. Wata uku na yi a kanta.

Washegari ya shimfiɗa tabarma a kasuwa ya jera riguna. Bai gama gyara zama ba sai ga Sani mai yankan rasit, jaka a hammata, biro a bayan kunne.

"Dillali, kuɗin ƙasa. Goma-goma, riga shida, sittin."

"Haba Sani! Ko bismillah ban yi ba."

"Ni na yi tawa."

"Bara ai tabarma ake biya wa, ba riga ba."

"Bara ta tafi da nata. Duk hajar da ta taɓa ƙasa ta ci rasit."

Ya biya. Har la'asar mutane suna taɓawa suna wucewa. Kashegari ma haka, Sani ya riga masu saye zuwa. Mutuminku ya duba ya ga in aka yi kwana biyar a haka, la'adar duk ta tafi tun bai gan ta ba. Ya ce wa mai goron da ke kusa da shi, "Ka ga, riba a ƙafa take tahowa, haraji kuwa a babur."

Sai ya bi Sani ya tsayar da shi.

"Tsakaninka da Allah, in haja ba ta taɓa ƙasa ba fa?"

"Ba ruwana da ita."

"Ka faɗa gaban shaidu?"

"Na faɗa. Matsa, ina da aiki."

Rana ta uku ya tashi ya sa rigunan nan duka shida a jikinsa. Tawa ya fara sawa, can ciki, sauran biyar suka hau kanta. Ƙofar ɗakinsa ma sai a karkace ya fita. Ya tsayar da ɗan acaɓa, ɗan acaɓa ya dube shi sama da ƙasa ya ce kuɗin mutum uku. Ya taka da ƙafa. Ga shi bazara ce, rana kamar ta sauko a gaisa. Kafin ya kai kasuwa, duk inda ya taka sai ya bar danshi.

Sani na bakin ƙofa.

"Dillali, ina haja?"

"Wace haja? Tufafina ne. Ko yanzu an sa wa sutura haraji?"

Sani ya zagaya shi sau biyu. Ya duƙa ya leƙa ko akwai gefen da ke jan ƙasa. Mutuminku ya tattare riguna ya saɓa a kafaɗa, ya wuce yana ɗaga ƙafa kamar zakara a cikin taɓo. Sani ya ciji biro ya bi shi a baya.

Mutuminku ya samu gindin dalbejiya ya tsaya. In mai saye ya zo, sai ya riƙa ɗaga masa gefen rigunan ɗaya bayan ɗaya, kamar mai buɗe shafin littafi. Dabara ta yi, sai dai ta yi yawa. Mai goron da suka yi hira jiya bai gane shi ba, ya rusuna ya ce masa Alhaji, ya ninka masa kuɗin goro. Can sai ga wani maroƙi ya hango shi.

"Mai riga bisa riga! Wanda sanyi ke tsoro! Ka sa shida, sittin na cikin akwati!"

"Don Allah yi shiru," in ji mutuminku, ya damƙa masa naira ashirin.

Maroƙi ya ga ashirin, ya ƙara murya.

Wannan ihun ne ya kai kunnen Malam Inuwa, jami'in harajin shekara, wanda ya kafa tebur a kusa yana duba takardun 'yan kasuwa. Ya taso da kansa, ya kamo hannun mutuminku da ladabi.

"Ranka ya daɗe, bismillah ga kujera."

Ya zauna, kujera ta ɓace a cikin riguna.

"Alhaji, mene ne sana'a?"

Mutuminku ya waiga, ga Sani tsaye a kansa ya riga ya buɗe littafin rasit.

"Ba ni da sana'a."

"Ma sha Allah. Ai manya ba sa sana'a, yi musu ake yi. Rigunan nan duk naka ne?"

"Nawa ne."

"To. Talaka mai riga ɗaya, hamsin muke rubuta masa a shekara. Kai kuwa riga shida, duk ɗinkin hannu, a ranar Talata, ba Juma'a ba, ba biki ba. Dubu uku."

"Innalillahi! Malam, wallahi ko ta saman ba tawa ba ce!"

"Me ka ce?" in ji Sani.

"Na ce ta saman ta fi kyau."

Ya share gumi, ya matso kusa da Malam Inuwa ya rage murya.

"Malam, in na tuɓe ɗaya fa?"

"Ya koma dubu biyu da ɗari biyar."

Nan take ya tuɓe ta sama ya ajiye a gefe. Ji kake kyat, Sani ya yage koren rasit.

"Ta taɓa ƙasa. Goma."

Ya fizge ta ya ɗora a ka. Sani ya zura hannu a jaka ya zaro wani littafin, ja.

"Haja a ka, talla ke nan. Ashirin."

Ya cire ta ya maƙala a reshen dalbejiya. Sani ya zaro rawaya.

"Rataye. Sha biyar."

"Sani, littafi nawa ne a jakar nan?"

"Kai dai ci gaba."

Ya miƙa wa wani bawan Allah da ke tsaye ya ce ya riƙe masa. Malam Inuwa ya gyara tabarau ya ce, "A'a, har ma'aikaci gare ka? Sai mu yi masa rajista." Bawan Allah ya saki riga ya ruga.

Mutuminku ya cafe ta kafin ta kai ƙasa. Ya dubi ƙasa, ya dubi reshe, ya dubi Malam Inuwa. Sai ya dunƙule rigar ya wurga ta sama iya ƙarfinsa.

"To sama fa? Sama ta wa ce a cikinku?"

Sani ya binciki jakarsa kaf, bai samu ba. Ya ɗaga kai ya gyara tsayuwa.

"Zan jira ta sauko."

Rabin kasuwa ta taru. Mutuminku yana wurgawa yana cafewa, riguna biyar a jiki, gumi kamar an kwara masa tulu. A cikin 'yan kallo akwai wani falken shanu da ya shigo daga ƙauye neman kayan Sallah, ya yi dariya har ya zauna dirshan. Da ya samu numfashi ya ce, "Jefo nan, na saya!" Aka jefa, ya cafe a sama, ya jefo kuɗi a ƙulle cikin hankici. Haka aka yi ta biyu, aka yi ta uku, har biyar. Sani yana bin kowace riga da ido, biro a hannu, ba wadda ta faɗi. Malam Inuwa kuwa duk wadda aka tuɓe sai ya soke ɗari biyar yana tsaki.

Saura fara. Falke ya matso ya shafa ɗinkin ƙirjinta, dariya ta tsaya.

"Wannan ita ce riga. Tuɓe. Zan biya kuɗinta, kai kuma in ba ka ɗari biyar naka na kanka."

Ɗari biyar fa. Ba tiyar gero ba, har da kuɗin niƙa da na miya. Mutuminku ya dafe ƙirji da hannu biyu.

"Ba ta sayarwa ba ce."

"Ɗari bakwai."

"Wadda ta ɗinka ta wata uku ta yi tana soke yatsa. Ba zan gan ta a jikin wani ƙato ba."

"Alhamdu lillahi," in ji Malam Inuwa, ya jawo littafi. "Ashe wannan taka ce da gaske. Riga ɗaya, amma ta manya. Na yi maka rangwame, ɗari biyu."

Labarin ya riga shi isowa gida. Da la'asar ya yi sallama a zaure, ba hula a kansa, don ita ma ya sayar ya cika wa Malam Inuwa. Farar rigata ta koma kalar kunun gyaɗa. Iya Kulu ta fito, ni ina bayanta. Ya durƙusa ya ajiye mata kuɗin riguna biyar cif, ko kwabo bai yi ciwon kai ba.

"Wannan namu ne," in ji Iya. "Ina naka? Ina riba?"

Ya zura hannu a aljihu ya zube mata rasit, kore da ja da rawaya, duk sun jiƙe. Iya ba ta karatun boko, ta turo mini. Na ɗauka ina karantawa ɗaya-ɗaya, kuɗin ƙasa, kuɗin talla, kuɗin rataye, ina cije leɓe. Da na kai ƙarshe Iya ta tafa hannu.

"Oh ni Kulu! An ba ka ɗari bakwai a hannu ka ƙi. Ka je da hula ka dawo da takarda. Kai ne za ka riƙe gida? Ko akuya ba na ba ka kiwo, sai ka dawo mini da igiya. Tashi ka nemi wani zauren."

Ya miƙe a hankali, yana kakkaɓe gefen rigar kada ta taɓa ƙasa. Ya kai bakin ƙofa. Ni da ban taɓa ɗaga murya a zauren nan ba, sai na ji bakina ya buɗe da kansa.

"Iya, ki yi haƙuri. Na yi alkawari, ki shaida, maƙwabta ma su shaida. Da gero ko ba gero, shi zan aura!"

Mutuminku ya daka tsalle ya leƙa waje, ya dubi hagu ya dubi dama, ya dawo da gudu yana kaɗa hannu.

"Sakinatu, don girman Allah rage murya! Yau na fara cin riba, kada Sani ya ji."