Rasuwar Pastora, Motar Doña Ofir ta La Cuchilla

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwan da baƙin mai ya riga ya rine, Doña Ofir Buriticá ta ƙauyen La Cuchilla tana sanar da 'yan uwa, da maƙwabta, da manoman gahawa na saman dutse da na gindinsa, rasuwar motarta mai ja da ƙafa huɗu, wadda kowa ya sani da suna Pastora. Marigayiyar ta cika ranar kasuwa da hantsi, a hawan da ke gaban gonar Don Gildardo, tana ɗauke da buhunan taki da shinkafa, da mutane a ciki, da wasu maƙale a baya. Ta rasu a bakin aiki bayan doguwar jinya. Ba wanda ya san shekarunta tabbas, sai dai ta riga wutar lantarki zuwa ƙauyen.

Marigayiya mai haƙuri ce, mai zumunci. Ba ta taɓa barin mai naƙuda a hanya ba. Ta kai amare coci, ta kai gawa makabarta, wani lokacin duk a mako guda. Inda alfadari yake tsayawa ya yi shawara, ita sai dai a sa mata ƙaramar giya ta haye. Ba mai manta muryarta ta safe: kirrr, kirrr, sai tari, sai ta yi shiru kamar ta fasa, sannan ta ɗauka da gurnanin da yake tada karnukan ƙetaren rafi. Ba a faɗin aibin mamaci, amma tun da duniya ta riga ta sani, marigayiya tana sha. Baƙin mai take sha, safe da yamma, tana fitar da shuɗin hayaki ta salansa, har mutanen gari sukan san motar La Cuchilla ta iso kasuwa tun kafin su gan ta.

Mai rubuta wannan sanarwa maƙwabciyar Doña Ofir ce, shinge ɗaya ya raba su, kuma ta san mutanenta. Farkon sanarwa suke dubawa su ga wa ya mutu, su tsallaka ƙarshe su ga ko za a dafa abinci. Saboda haka a nan tsakiya za ta ajiye gaskiya, ta san ba mai taɓa ta.

Pastora ta mahaifin Ofir ce, Don Arcesio, Allah ya ji ƙansa. Da ciwon ajali ya kama shi, 'ya'yansa maza duk sun watse birane, Ofir ce kaɗai a gefen gadonsa. Ya riƙe hannunta ya ce, “'Yata, muddin Pastora tana tashi, kada ki bar mutanen nan ba abin hawa.”

Ofir ta leƙa taga, ta ga motar a tsakar gida da tabon mai a ƙarƙashinta, ta ƙiyasta a ranta cewa wannan ba za ta wuce damina biyu ba. Ta ce, “Na ɗauka, Baba.”

Lokacin ba ta da furfura ko ɗaya. Yau kanta fari fat, gwiwarta ta hagu ta kumbura saboda taka kuloci, kuma ba ta taɓa kwana uku a jere nesa da dutsen nan ba. Ƙanwarta Marleny tana garin Tolú, a bakin teku, tana da rumfar soya kifi da ɗaki guda da ta ware mata tun shekarun baya. Can ƙasa a shimfiɗe take, ba hawa ba gangara. Abin da Ofir take so ke nan a duniya, ba ta son komai bayansa. Duk lokacin da Marleny ta bugo waya sai ta tambaya, “Yaya, ya mai jiki?”

Ofir ta ce, “Tana nan daram. Sai ta binne mu duka.”

A shaida wa Ofir abu guda: ba ta ci amana ba. Da wata ce, da ta manta da zuba mai sau ɗaya tak, kowa ya huta. Ita kuwa kullum safe sai ta zaro sandar awo ta goge, ta duba, ta cika. Ta ce ba za ta tsaya gaban kabarin ubanta da hannu a mutuwar motar ba. Jira take yi Pastora ta mutu don kanta, kuma ta yi jiran da gaskiya.

Ciwon ajalin ya fara da ɗan tsagu a murfin robar da yake kare bel ɗin cikin inji, wanda makanikai suke kira tayimin. Ofir da kanta ta gani, da kanta ta nuna wa Don Gildardo, wanda shi ne manomi, shi ne bakaniken ƙauye. Ya ce ta nan ƙura da tsakuwa za su riƙa shiga, ga mai yana tsattsafowa yana jiƙa bel ɗin, dole a sauya murfi. Aka aika gari, babu. Aka aika babban birni, masu kayan gyara suka ce an daina yin irinsa tun tuni. Ofir ta ji wani sanyi a ranta, ta kuma ji kunyar jin sanyin.

Amma La Cuchilla ba ta barin mara lafiya ya tafi cikin sauƙi. Gildardo ya toshe tsagun da gam. Tsagun ya sake buɗewa, ya ɗaure shi da robar taya da waya. Ya sake buɗewa, aka fasa gwangwanin madara aka yi masa faci. Doña Eduviges, tsohuwar da take zama gidan gaba a motar, ta liƙa hoton waliyyi a kan facin. Masu zuwa gari suka koma dawowa da kwalbar baƙin mai a matsayin tsaraba, yadda ake kai wa majinyaci lemo. Ofir tana karɓa tana godiya, tana zubawa.

Ranar da abin ya faru, Pastora ta kai tsakiyar hawa, ta ce tas! Sai wata ƙara daga cikinta kamar an zubar da cokula a daro, sai shiru. Aka sa duwatsu a bayan tayoyi. Gildardo ya gangaro daga gonarsa, ya leƙa, ya daɗe, sannan ya cire hularsa.

Ya ce, “Doña Ofir, sai haƙuri. Bel ya tsinke, kayan ciki sun yi karo da juna. Injin nan ya tafi.”

Ofir ta zauna a bakin hanya, ta rufe fuska da tawul ɗin wuyanta, kafaɗunta suna rawa. Mata suka ce a bar ta ta yi kukanta. Mai rubuta wannan sanarwa ta san Ofir tun suna yara, kuma ta san ba haka kafaɗunta suke yi in kuka take ba. Da yammar ranar Ofir ta hau tudun da waya take kamawa, ta kira Tolú. Abin da ta ce kawai shi ne, “Marleny, ki share ɗakin.”

Marigayiya ta bar tayoyi huɗu da safaya wadda ta girme su duka, da rabin jarkar baƙin mai, da kazar da take yin ƙwai ƙarƙashin kujerar baya. Ta bar manoman da gahawarsu take jibge a rumfa ba mai kai ta gari. Ta kuma bar Doña Eduviges, wadda ake kaiwa asibitin gari wankin ƙoda kowane mako. Tun rasuwar, a kan alfadari ake gangarar da ita har babban titi, tana isa fuskarta kamar toka.

Ranar Lahadi bayan coci jama'a suka zo ta'aziyya. Suka tarar Ofir ta riga ta rarraba wa maƙwabta tukwanen furanninta, tana zuba wa mutane gahawa da mazarƙwaila, tafiyarta ma ta sauya, sai ka ce ba mai ciwon gwiwa ba. Gildardo ya yi gyaran murya, yana murmushin wanda ya ɓoye abin alheri.

Ya ce, “Doña Ofir, share hawayenki. Ɗan 'yar'uwata na bayan dutse yana da irin Pastora sak, ta faɗa kwazazzabo bara. Jikin ya tashi aiki, amma injin ko ƙwarzane babu. Ya ba mu. Ba mu gaya miki ba don kada ki sa rai abin ya ƙi.”

Tsakar gida ta kaure da tafi. Ofir ta ajiye butar gahawa a hankali.

Ta ce, “Don Gildardo, ai Pastora ta mutu. Da bakinka ka faɗa.”

“Inji na ce, Doña Ofir. Jikinta garau.”

“In aka sa mata injin wata, ai ba Pastora ba ce kuma.”

Doña Eduviges ta yi dariya har da tari. Ta ce, “Haba 'yar nan! Ni da ake juye min jini a mayar duk mako, har na wani an taɓa ƙara min, kin ji an sauya min suna?”

Kowa ya yi dariya. Ofir ta zaro makulli daga aljihu ta ɗaga. Ta ce, “To ga shi. Wani ya karɓe ni, na gaji.”

Suka ɗauka wasa take yi. Gildardo ba ya gani sosai da idon dama, ƙaramin namijin da ya rage a ƙauyen ya ba sittin baya, samari duk suna birni. Wani daga baya ya ce, “Wa zai iya kwanar bakin ramin nan in ba ke ba? So kike mu ƙare a ƙasa?”

Doña Eduviges ta kamo hannun Ofir ta riƙe. Ta ce, “Allah ya yi miki albarka, 'yata. Wancan makon a kan alfadarin nan na ɗauka a hanya zan cika.”

Ofir ta dubi hannun tsohuwar, duk shatin allura. Sannan ta mayar da makulli aljihu ta ce, “To.”

Saboda haka ana sanar da jama'a cewa an ɗage jana'izar marigayiya Pastora har sai abin da hali ya yi. A maimakonta za a taru ranar Asabar da safe a gindin bishiyar da ke filin makaranta, inda za a rataya sarƙa a sauke sabon inji. Masu ƙarfi su zo da igiya. Fadan coci zai sa albarka, za a kuma dafa farfesun kaji da rogo da agade, kowa ya zo da kwanonsa. An riga an aika Tolú cewa ƙanwar mai motar tana iya ba da ɗakin haya. Jigila za ta koma yadda take daga ranar kasuwa mai zuwa, a wurin da aka saba.

Wanda ya zo ya tarar Doña Ofir tana kuka, kuma wannan karon kukan ne na gaske, kada ya wahalar da ita da tambaya. Jama'ar La Cuchilla sun riga sun yanke cewa na murna ne.