Gadon Jego a Bayan Kitika

Ba zan taɓa mantawa da hunturun da ƙanena Sale, Allah ya jiƙansa, ya sami motar Bature ba. Zamanin Turawa ne, ana ta maganar mulkin kai amma bai zo ba tukuna, muna zaune a gidan mahaifinmu a Tudun Wada. Ni da shi duk direbobi ne. Ni ina da wata tsohuwar kitika mai rufin katako a baya, ina kai atamfa da gishiri kasuwannin ƙauye, in kwana a cikinta. Shi kuwa wani Bature mai auna ƙasa yake tuƙawa. Da Baturen zai koma gida sai motar ta dawo hannun Sale, da duk abin da ke ciki: gado, ɗan kabad, da wani murhun kananzir wanda ba a girki da shi. Aikinsa kawai ya ɗumama mota. A murɗa lagwani sama ɗumi ya ƙaru, a murɗa ƙasa ya ragu.

Na yi masa murna. (Da baki dai na yi.) Abin bai fara cina sosai ba sai da ya kai Inna, mahaifiyarmu, gaisuwa Soba. Inna tana fama da ciwon gwiwa, sanyi kuwa ba ya raga mata. Ta dawo ba ta da zance sai motar Sale. Mai tallan fura ta ji, maƙwabta sun ji, ni ma da nake kawo mata goro kowace Juma'a na ji.

"Ka shiga kuwa, Babba?" in ji ta. (Ba ta faɗin sunana, ni ne ɗan fari.) "Kamar an rufa maka bargo. Yaron nan akwai tunani."

Ni na koya wa yaron nan riƙe sitiyari.

Ana haka ƙanwarmu Ladi ta haihu a wani ƙauye gaba da Giwa. Za a tafi suna da sassafe, kuma Inna ta ce a motar Sale za ta, saboda gwiwa. A gidanmu tun da na fara tuƙi ba wanda ya taɓa ɗaukar Inna zuwa sha'anin dangi sai ni. Na ce mata ta dakata, tawa motar ma za ta yi ɗumi kafin ranar. Ta dube ni ta ce, "To, Allah ya nuna mana."

Na fara da shagon wani ɗan kasuwa Ibo a Sabon Gari. Yana da irin murhun Sale sak, har ya kunna mini.

"Direba, ɗauki wannan. Irinsa ƙanenka yake da shi, kowa yana yabo."

Da bai faɗi haka ba da na saya. In sa abin da za a ce na kwaikwaya wurin ƙanena? Na ce zan dawo. Na yi tunanin kasko da gawayi, sai na tuna ramukan hanyar Giwa, na ga garwashi yana tsalle cikin zannuwan mata. Daga nan dabara ta zo mini, kuma wallahi a lokacin na ɗauka ilhama ce. A gidajenmu akwai gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa, maijego ta kwanta ta gasa jiki. Mota kuwa ai da wutarta take tafe, tana zubar da ita a banza ta salansa. Me zai hana in jawo bututun salansar ya bi ta ƙarƙashin benci kafin ya fita waje? Ba kananzir, ba lagwani. Ko Baturen bai yi wannan tunani ba.

Na kai wa Malam Tanko maƙeri, abokina na bakin kasuwa, dabarar. Da ya hana ni da na gode masa yau, amma shi ma abin ya burge shi.

"Kai, wannan kan naka! Amma bi ɗaya ya yi kaɗan. Mu lanƙwasa shi ya je ya dawo."

"Ya je ya dawo ya sake zuwa," na ce.

Muka huda ƙasan mota, muka shimfiɗa bututun kamar maciji a ƙarƙashin benci, muka liƙe mahaɗan don kada hayaƙi ya shigo, muka rufe da faifan kwano. Na tashi inji a tsaye, na zauna a kan bencin. Ɗumi ya taso a hankali, mai daɗi, har na fara gyangyaɗi. Ban tambayi kaina ta ina ake rage shi ba. Ban kuma tuna cewa injin da ke tsaye daban yake da injin da ke hawan tudu ba.

Sale ya leƙo da yamma, ya durƙusa ya duba.

"Yaya, ka gwada ta a hanya?"

Na ce masa ina tuƙi tun yana yawo ba wando. Ya yi murmushi ya ce, "Haka ne, Yaya."

Ranar suna, bayan asuba, Inna ta taɓa bencin ta ji ɗumi, ta ce, "Ikon Allah!" Ta hau, ita da ƙanwar mahaifinmu, Gwaggo Delu, mace mai baki. Na ga suna tura kayan barka ƙarƙashin benci, inda mata suka saba ajiye abin da suke tsoron ya zube: babban kwanon man shanu, nakiya, yaji, kanwa. Na gani da idona. Hankalina yana kan fuskar Sale, wanda zai biyo mu da maza. Na saki tamfol na rufe bayan ruf, kada ɗumina ya tsere.

Mun wuce Kwangila lafiya. Wajen Shika na ji ana buga katakon da ke bayana, muryar Gwaggo tana tashi sama. Inji yana ƙara, ban ji kalma ba. Na ce a raina guɗa take yi. (Ku yi mini adalci, suna za mu.) Can sai ga Sale a madubi, yana danna ham, yana miƙo hannu ta taga. Na ce lallai, abin ya dame shi, so yake ya wuce ni ya riga isa. Na taka totur. Ya ƙara ham, na ƙara wuta. Duk tudun da na hau da ƙarfi, ashe itace nake ƙara wa Inna.

Haka na shiga ƙauyen, na tsaya a ƙofar gidan surukan Ladi inda maza suka cika kan tabarmi. Na fito ina gyara hula, na ɗaga tamfol a gaban kowa.

Wani tururi ya bugo ni, mai warin ƙonanniyar tabarma da soyayyen yaji. Man shanu ya narke ya bi ƙasan mota, yana ɗiga ta baya. (Abin da Sale yake gani ke nan tun daga Shika.) Nakiya ta zama kunu. Gwaggo Delu tana tsaye a lungu, ta yar da mayafi, gumi har haɓa, tana atishawa. Inna kuwa tana tsugune a kan tayar ajiya, ta rungume takalmanta. Matar da ba ta iya lanƙwasa gwiwa.

"Ɗan nan!" in ji Gwaggo, yadda har na cikin gida suka ji. "Wa ya ce maka mu muka haihu? Duk haihuwar da na yi ba a taɓa gasa ni haka ba! Ku gaya wa Ladi ta fito, yayanta ya kawo mata gado har gida!"

Maza suka kwanta da dariya, har liman ya rufe baki da rawani. Inna ba ta yi dariya ba. Sale ya miƙa mata hannu ta sauko, ta dube ni ta ce a hankali, "Babba, da ka ce mini kai kake so ka kawo ni, ai da bargo ma na zo."

A motar Sale ta koma. Ni na koma da kwanon da ba mai, da sabon suna: har na bar tuƙi, Maijego ake kirana a tasha. Sale ne kaɗai bai taɓa kirana haka ba. Washegari ya zo da sifana, muka cire bututun tare. Zuwa suna na gaba ya ce wa Inna motarsa ba lafiya, ya ara mini murhun. Na san ƙarya yake, don na ji tashin injinsa da safen.

Bara Sale ya rasu. Matarsa ta aiko mini da murhun, ta ce shi ya ce a ba ni. Yana nan a ɗakina, lagwaninsa yana hawa yana sauka kamar da.

Abin da na koya ba shi da yawa. Duk abin da zai ba da ɗumi, a fara tambayar ta ina ake rage shi. Kuma in ƙanenka yana danna maka ham a baya, ka tsaya ka ji. Ni dai har yau in na shiga mota nakan duba madubi.