Rigar Damisar da Na Saya wa Sojana

Ba zan taɓa mantawa da ranar da wani mai gyaran babur ya kwance mini zani a gaban dukan garin Gure ba, kuma da zuciya ɗaya ya yi.

A lokacin ni ke gabatar da shirin tarbiyya a wani ƙaramin gidan radiyo, shirin da saboda shi dattawa ke tsayar da ni a kasuwa su sa mini albarka. Iyaye suka yi ta kawo kuka cewa wasannin yaƙi na salula, waɗanda ake bugawa da mutane ta intanet, suna cinye kuɗin samari. Na ce ba na magana a kan abin da ban bincika ba. Na sauke ɗaya (don aiki, in ji ni).

Ga abin da bincike ya nuna. Shiga kyauta ce, amma sojanka da ɗan singileti zai fito, kowa na wuce shi cikin sulke. In kana son sutura, ko ka sayi tikitin wata, ko ka buɗe akwatin sa'a, wanda ba ka sanin abin da ke ciki sai ka biya. Na fahimci tarkon sarai. Sannan na sayi tikitin. Sannan na bi akwatuna har na samu rigar damisa mai walƙiya (ni da babbar rigata ta sha Sallah har ta koɗe).

Na sa wa kaina suna Sarkin Yaƙi, na shiga wata runduna da ake magana da murya, ina ganin ba wanda ya san ni. Ashe bakin da ya saba da makirfo ba ya sauka. Abokai na ihu, "Ga shi nan, harbe shi!" ni kuwa ina cewa, "Rahotanni daga gabashin gada na nuna abokan gaba sun kunno kai."

Ranar shirin, baƙona Mushe Abba ne (Mushe muke ce wa malamin boko), daraktan wata lakwal, wato makaranta. Na yi bayani dalla-dalla, na rufe da tambaya: "Wane mai hankali ne zai ɗauki kuɗin hatsi ya ɗinka wa hoto riga?" Mushe ya jinjina kai. Muka buɗe layi.

"Salamu alaikum, Ari ne mai gyaran babur daga Gidigir. Malam, ka yi gaskiya, akwatin nan cuta ne. Sai dai ka manta abin da ka koya mana, tikitin wata ya fi sauƙi."

Na ce, "Malam Ari, wataƙila ka ɗauke ni wani."

"Haba Sarkin Yaƙi! Wa ke karanta labaru harsashi na zuba in ba kai ba? Tun ranar farko muka gane ka, nauyinka muka ji. Jama'a, kada ku ga laifinsa, wallahi ba shi da rowa. Ni ma shi ya saya mini hular kwano."

Na yi wa mai injin alama ya yanke layi. Yana ƙarƙashin tebur, dariya ta kayar da shi. Mushe Abba ya cire tabarau, ya matso kusa da makirfo, ya ce, "Malam, wace riga ka ɗinka wa naka?"

"Ta damisa!" in ji Ari.

A gida, uwargida ta ajiye mini tuwo cikin ladabi. "Sannu da dawowa daga fagen fama. In an gama da soja, akwai farar hula a gidan nan mai son atamfa."

An ba wani ma'aikaci shirin tarbiyya, ni aka mayar da ni sanarwar ɓatan awaki. Darasin da na koya shi ne, kafin ka yi wa gari wa'azi a kan wani aibi, fara tabbatar da cewa abokan aikata shi ba su da lambar radiyo.