Hauwa Musa Biyar, Buhu Ɗaya

Da shugaban ƙungiyarmu ta manoma ya kira "Hauwa Musa" a wurin rabon taki a Ruwan Bago, mata biyar suka miƙe. Ni kuwa ɗaya ce a takardata.

Ni ce mai kwamfuta, da sakandarena da yangata. Na saita jadawalin sunaye yadda duk sunan da ya maimaitu, na farkon zai koma rawaya. Na bar rawayan, na goge sauran, wai na kama masu cin biyu. Ko unguwanninsu ban duba ba.

Tsohuwar cikinsu ta matso. "Yarinya, ni da na haifi tara ce babu ni? Ga damina ta sauka!"

Na ce, "Inna, kwamfuta ce."

"Kwamfutar ce za ta sayar da buhuna?"

Kwana biyu ban iya cin abinci ba, ina jiran 'yan sanda. Laraba da la'asar aka ƙirga buhunan a sito, suka cika cif, har da na mata huɗun da na goge. Shugaba ya ce, "Share hawayenki, babu mai taɓa ki." Sai ya juya ga jama'a: "Ku dai kowa ya riƙe sunansa da kyau, ga ta nan fitowa."