Yadda Na Rina Kujerar Madam

Ba zan taɓa mantawa da watan Nuwamban da na je Alje, babban birnin Aljeriya, neman aiki ba, kuma ba don ban gwada mantawar ba.

A Tamanrasset aka haife ni, can cikin hamadar kudancin ƙasar. Baba ɗan Damagaram ne mai shagon atamfa a kasuwa, Inna kuma daga Agadas ta zo. A garinmu ruwan sama baƙo ne mai kunya: ya zo, ya gaisa, kafin a shimfiɗa masa tabarma ya tafi. Ran da ya ɗan daɗe har ƙorama ta kawo, gari kan fita kallo, har da masu ɗaukar butar shayi. Ko ya jiƙa mutum, kafin ya kai ƙarshen layi iska ta busar da shi. Iyakar ilimina ke nan game da ruwan sama, ban da waƙoƙi goma sha ɗaya da na rubuta a kansa (babu ko ɗaya da na rubuta a jiƙe).

Bayan na gama jami'a na yi shekara biyu ina taya Baba ninke atamfa. Sai wani kamfani da ke kai baƙi yawon duwatsu ya ce yana neman mai karɓar baƙi a buronsa, wato ofishinsa, na garinmu, wadda ke jin Larabci da Faransanci da Tamahak, harshen Buzaye. Gurbi ɗaya ne tak, kuma sai an je Alje an gana da Madam mai kamfanin. Ina son aikin nan ƙwarai. Na gaji da jin maƙwabta suna tambayar Inna ko karatun nawa na ajiya ne.

Ranar tafiya Inna ta buɗe akwati ta ciro mayafinta na turkudi, rinin shuni mai sheƙi wanda ba ya fita sai biki. Ba a wanke turkudi, ba a ma nuna masa ruwa. Kowa ya san haka, ni ma na sani. Ta ce in yafa shi a kan farar doguwar rigata don su san ɗiyar mutane ce ta zo.

Na sauka gidan Tanti Zahra, aminiyar Inna da aure ya kai can. Kwana uku na yi ban ga rana ba. Sama ta rufe kamar an kife faranti, bango yana gumi, tawul ɗin da na shanya ranar farko yana nan yadda na bar shi. Tanti tana ta mita da ciwon gwiwa, ni kuwa ina bakin taga ina jin kamar an saka ni cikin mafarki.

Da safen ranar ganawa ana yayyafi siriri, kamar ana tankaɗe gari. Tanti ta miƙo mini laima da wata baƙar rigar leda ta mijinta. Na ce a'a, za su ɓoye turkudin, kuma ai yanzun nan ruwan zai ɗauke.

Ta dube ni ta ce, "Ɗiyata, wannan ba ruwan garinku ba ne mai wurin zuwa. Wannan zama ya zo yi."

Na yi murmushi irin na wadda ta yi jami'a, na fita.

Da na tsaya a haka, da wataƙila na tsira, don bas yana tsayawa kusa da buron Madam. Amma daga taga na hango teku, ruwa yana zuba a kan ruwa, abin da ban taɓa gani ba. Na sauka tun da sauran tasha guda. Na tsaya a bakin ƙarfen da ke gefen hanya, na ɗaga fuska sama, na rufe ido. Yayyafi ya zama ruwa sosai, yana gangarowa daga matakalan unguwa, mutane suna gudu da jaka a ka, ni ina neman kalmar da za ta dace da “teku” a ƙarshen baiti. Duk lokacin da ruwa ya cika mini ido, sai in kama bakin mayafi in share fuska. Na share ya fi sau goma.

A hanya wani dattijo ya tsaya cak yana kallona. Wata mata ta ja ɗiyarta gefe. Na ce a raina, lallai mutanen Alje sun san kaya mai daraja.

Sakatariyar buron ta buɗe baki, ta rufe, sannan ta miƙo mini kwalin hankici na takarda. Na yi godiya na ce ba na mura. Ta kai ni wurin Madam, mace mai tabarau da sanyin murya, wadda ta nuna mini wata lallausar kujera fara tas. Na zauna, na jingina, na gyara zama har sau biyu.

Tambayoyin ba su ba ni wuya ba. Na yi bayanin hanyar Abalessa da ta Idlès, na juya harshe uku ba tuntuɓe. Sai dai Madam ba idona take kallo ba, goshina take kallo. Can ta ajiye alƙalami ta ce, a hankali kamar mai lallashin majinyaci, "Ya binti, kina da ciwon zuciya ne? In kira likita? Leɓunanki sun yi shuɗi."

Daidai nan wani ɗigo ya faɗo daga haɓata a kan takarduna. Shuɗi ne. Na dubi hannuwana, shuɗi. Na juya ga gilashin kabad ɗin da ke gefe, sai na ga wata halitta tana kallona: fuska zane-zane kamar an yi ambaliya a marina, farar riga ta koma kalar da ba ta da suna, haƙora kaɗai suka tsira (su ma don bakina a rufe yake lokacin waƙa).

Na miƙe zumbur, wanda shi ne kuskure na biyu. A kan farar kujerar nan ga ni nan gaba ɗaya, baya da kafaɗu da wurin zama, har da gyaran zaman da na yi. Kuskure na uku, na sunkuya na fara gogewa. Da bakin mayafin.

Madam ta ce, "Bar shi. Don Allah kada ki ƙara taɓa komai."

Sakatariya ce ta riƙa buɗe mini ƙofofi har waje, hannuwana a sama kamar wadda jandarma suka kama. Tanti Zahra ta cuɗe ni da sabulu da lemun tsami, tana yi tana zama don dariya ta hana ta tsayuwa. Shuɗin bayan kunnena sai da ya kwana huɗu.

Na koma gida na ci gaba da ninke atamfa, na cire rai. Bayan mako biyu waya ta shigo, Madam ce da kanta. Ta ce tambaya ɗaya ta rage mata: sau nawa ake ruwa a Tamanrasset a shekara? Na ce wata shekarar sau biyu, wata shekarar ana dai jin labari. Ta ce in fara aiki farkon wata.

Inna ta daɗe tana juya mayafinta, wanda ya koɗe ya zama kamar tsumman goge tebur. Ta tambaye ni ko aikin ya tabbata, na ce ya tabbata. Ta ce, "To ki riƙe shi da hannu biyu, don gadonki kin riga kin bar shi a kujerar mutane."

Har yau ina son ruwan sama, kuma ina rubuta masa waƙa. Amma na koyi cewa idan na je garin mutane na ga kowa yana gudu, in fara bin su tukuna. Baiti zai iya jira a ƙarƙashin rumfa.